Ga ƙasarku, amma ba ku da ta cewa: muhawara kan Aborijin na arewacin Ostareliya

Aminu Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya barci ya ƙi zuwa, na faɗa kallon wani shiri a YouTube kan wani ƙauye a Ostareliya mai suna Yuendumu. Wallahi in ka kashe sauti sai ka rantse wani gari ne a hanyar Agadez: jar ƙasa, ƙura, karnuka, baƙaƙen mutane zaune a gindin bishiya. Labarin wani saurayi ne ɗan shekara 19 da ɗan sanda ya harbe a 2019. Ni duk zatona Ostareliya ƙasar Turawa ce zalla. Anti Rabi, ke da kike can, su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya haɗa su da hukuma haka?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai su ne masu ƙasar. Turawa baƙi ne, a 1788 suka sauka, su kuwa sun haura shekara 50,000 a wurin. Aborijin ake ce musu a dunƙule, amma ba ƙabila ɗaya ba ce, harsunansu sun fi 250 lokacin da Bature ya zo. Mutanen Yuendumu Warlpiri ne. Ni a Alice Springs nake aikin jinya, tsakaninmu da su kamar kilomita 300.

Yaron da ka gani Kumanjayi Walker ake ce masa, amma ba shi ne sunansa na yanka ba. Su in mutum ya rasu sai a ajiye sunansa, a riƙa cewa Kumanjayi, har takwarorinsa masu rai haka za a riƙa kiran su na wani lokaci. Ranar da na fara jin haka sai na tuna kakata, har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba.

Ranar 9 ga Nuwamba 2019 'yan sanda suka shiga gidan da yake za su kama shi. Ya soki ɗaya da almakashi a kafaɗa, shi kuma ɗan sandan, Zachary Rolfe, ya harbe shi sau uku. Ranar babu ma'aikatan jinya a asibitin garin, an janye su saboda ana fasa musu gidaje. A ofishin 'yan sanda ya cika, danginsa na zaune a waje cikin dare, ba wanda ya fito ya gaya musu.

Alhaji Ado Kwari:
Allah ya kyauta. Amma Hajiya, tsakani da Allah, wanda ya soki ɗan sanda me yake jira? Kuma na ji an ce kotu ta wanke ɗan sandan. Kada mu mayar da komai wariyar launin fata.

Barista Nura:
Haka ne Alhaji, a Maris 2022 aka wanke shi. A Darwin, babban birnin Yankin Arewa (yankin Ostareliya da Yuendumu take ciki), aka yi shari'ar, fiye da kilomita 1,000 daga inda abin ya faru, kuma cikin mutanen gari da aka zaɓo su yanke hukunci babu ɗan Aborijin ko ɗaya, alhali su ne kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Yankin Arewa. Ban ce hukuncin bai halatta ba, a doka ya zauna. Sai dai akwai bincike na biyu, na gano musabbabin mutuwa. Alƙaliyar da ta yi shi, Elisabeth Armitage, ta je har Yuendumu a Yuli 2025 ta karanta sakamakonta a gaban mutanen garin. Ta ce Rolfe mai wariyar launin fata ne, abin kuma ya zama jiki a wurin da yake aiki, an ga haka a saƙonnin wayarsa da abokan aikinsa. Ta ce ba za ta iya kore cewa hakan ya taka rawa a mutuwar yaron ba. Ba 'yan gwagwarmaya ne suka faɗa ba, alƙaliyar gwamnati ce.

Malam Habu Zariya:
Bari in ƙara muku abin da Warlpiri ke gani in sun ga kaki. A 1928, nan kusa da Yuendumu, a wani wuri da ake kira Coniston, aka kashe wani Bature maharbin karnukan daji, Fred Brooks. Wani ɗan sanda, George Murray, ya tara mutane a kan dawaki suka bi rijiyoyi da sansanoni suna harbin duk wanda suka tarar, har tsawon makonni. Hukuma da bakinta ta amsa mutum 31, su mutanen wurin lissafinsu ya ninka haka. Aka kafa kwamitin bincike, kwamiti ya ce kisan yana bisa hujja. Shi kansa Yuendumu a 1946 gwamnati ta kafa shi don tara mutane wuri ɗaya ana raba musu abinci. To jikokin waɗanda suka tsira su ne zaune a waje a daren 2019. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Alhaji Ado Kwari:
Allah ya gafarta Malam, 1928 fa ka ce. Mu ma ai Turawan nan sun ƙone Satiru a 1906, ba mu zauna muna kuka har yau ba. Kuma wani abokin kasuwancina ya ce min rabin ƙasar yankin nasu ce, ga kuɗi gwamnati na ba su suna zaune. Wanda aka yi wa haka me kuma yake nema?

Malam Habu Zariya:
Alhaji, Turawan ɗaya ne amma niyyar daban. Lugga ya zo ya yi mulki ya karɓi haraji, ya bar manomi a gonarsa, sarki a fadarsa, liman a masallacinsa, kuma 1960 suka naɗe tabarmarsu. Can kuwa zama suka zo yi. Abin da suke so ƙasar ce, mutanen da ke kanta kuma sun tsaya musu a wuya. Har yau ba su tafi ba, ba kuma za su tafi ba.

Rabin ƙasar da ka ce, ba kyauta aka ba su ba. Ka ji yadda aka yi. Akwai wata makekiyar gonar shanu, Wave Hill, ta kamfanin Vestey na Ingila, a kan ƙasar ƙabilar Gurindji. Su ke kiwo, su ke hawan doki, su ke gini, matansu ke wanki da girki. Ladan? Fulawa, sukari, ganyen shayi, ɗan naman gishiri, da 'yan kuɗin da ba su kai kusa da na Bature ba, wani lokaci ma ba su zuwa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar 23 ga Agusta 1966 wani dattijo, Vincent Lingiari, ya ja mutum kusan 200, maza da mata da yara, suka fice daga gonar da ƙafa. Kowa ya ɗauka rigimar albashi ce. Aka zo da tayin ƙarin kuɗi, suka ce a'a, ƙasarsu suke so. Suka koma Daguragu suka kafa bukkoki suka zauna. Shekara tara, Alhaji. Sai ranar 16 ga Agusta 1975 Firaminista Gough Whitlam ya je har can, ya ɗebi ƙasa ya zuba a tafin hannun dattijon. A shekarar da ta biyo baya, 1976, aka yi dokar mallakar ƙasa ta Yankin Arewa, ita ce ta kai su ga kusan rabin nan da kake faɗa.

Guminsu kuwa, sai a 2024 gwamnatin tarayya ta yarda za ta biya har dala miliyan 202 ta Ostareliya kan albashin da aka danne tsakanin 1933 da 1971. Yawancin masu haƙƙin suna kabari.

Sadiya BUK:
Malam, abin da ban gane ba, da wace hujja Turawan suka ce ƙasar tasu ce tun farko? Nan ai yaƙi suka ci.

Barista Nura:
Hujjar ita ce wai ƙasar ba ta da mai ita. Ba su yi yarjejeniya da kowa ba, ba su ma amsa cewa da yaƙi suka ci ba. A 1963 mutanen Yolngu na Yirrkala suka aika wa majalisa koke a manne jikin ɓawon itace mai zanen gargajiya, da harshensu da Turanci, saboda an ba kamfani ƙasarsu ya haƙi ma'adinin alminiyon ba a tambaye su ba. Suka je kotu, a 1971 alƙali Blackburn ya amsa cewa suna da tsarin doka nasu, amma ya ce dokar Ostareliya ba ta san mallakarsu ba. Sai 3 ga Yuni 1992 Kotun Ƙoli ta rushe wannan zance a shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer. Shi ma bai ji hukuncin ba, ya rasu a Janairun shekarar.

Issoufou ɗan Arlit:
Barista, tambayata ɗaya. An ba su saman ƙasa, to abin da ke ƙarƙashi na wa ne?

Barista Nura:
Na gwamnati. Dokar 1976 ta ba su ikon ƙin yarda a shigo neman ma'adini, kuma akwai kason kuɗi da ke zuwa, amma ma'adinin ba nasu ba ne.

Issoufou ɗan Arlit:
To na san wannan waƙar. Na taɓa karanta labarin mahaƙar yuraniyom ta Ranger, wadda gandun Kakadu ya kewaye. Mutanen Mirarr sun ce ba su so, sai aka cire wannan wurin daga inda suke da ikon hanawa. A 1998 da aka zo buɗe ta biyu a Jabiluka, shugabarsu Yvonne Margarula ta tsaya da dubban mutane suka tare hanya, aka kama ta da laifin shiga wuri ba izini, a ƙasar ubanta! Amma sun ci nasara, ba a haƙa ba. Ranger ta tsaya a 2021, shekarar da mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a nan Akokan, kusa da Arlit. Mu da su duka an bar mu da tudun dusar ma'adini muna kallo. Su dai sun iya cewa a'a sau ɗaya aka ji.

Alhaji Ado Kwari:
To na ji tarihi. Amma ku faɗi gaskiya, babbar matsalarsu yau ba Bature ba ne, giya ce. Hajiya Rabi, ƙarya na yi?

Anti Rabi:
Ba ka yi ƙarya ba Alhaji, ba ka dai faɗi duka ba. Ina ganin aikin giya da idona, mata da karaya, da sara, da ciwon ƙoda. Ba zan ɓoye ba. Amma ka san waɗanda ba sa sha sam sun fi yawa a cikinsu, in aka yi lissafin kashi, fiye da a cikin Turawa? Kuma ƙauyuka da yawa su da kansu suka haramta giya tun kafin gwamnatin tarayya ta waiwaye su. A Yuendumu ɗin nan mata ne suka kafa sintirin dare. Lokacin da yara suka faɗa shaƙar fetur, kamar yadda namu ke shaƙar sholisho, dattawan garin ne a 1994 suka riƙa kwashe su zuwa wani wuri cikin daji, Mount Theo, suna koya musu farauta da al'ada har su dawo hayyacinsu. Abin ya yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ka dubi 2007. Wani rahoto ya fito kan cin zarafin yara a ƙauyuka, da shawarwari 97, ta farkonsu ita ce a zauna da mutanen a yi shawara. Gwamnatin Firaminista John Howard ta ajiye wannan, ta tura jami'ai da sojoji ƙauyuka 73. Ta karɓi ikon filayen garuruwan na shekara biyar da ƙarfin doka. Ta riƙe rabin kuɗin tallafin kowa, aka zo aka sa shi a kati, sai a shagon da aka amince za ka kashe. Kowa fa, har tsohuwar da ba ta taɓa ɗanɗana giya ba, har mai riƙon jikoki shida. Aka kafa manyan alluna a bakin kowane gari an rubuta an hana giya da hotunan batsa, duk mai wucewa ya karanta. Don duk wannan ya yiwu sai da suka dakatar da dokar hana wariyar launin fata ta 1975. Wato su ma sun san abin da suke yi.

Alhaji Ado Kwari:
Ni dai a matsayina na Musulmi ba zan yi kuka don an hana giya ba.

Anti Rabi:
Ni ma haka. Ba hanin ne ciwon ba. A ce maƙwabcinka ya yi laifi, sai a zo a kafa allo a ƙofar unguwarku cewa nan mashaya ne da mazinata, a karɓe rabin kuɗin aljihunka a ce ba ka da hankalin kashewa, Baturen da ke garin gaba kuwa mai irin laifin ba a taɓa shi ba. Za ka ce an taimake ka?

Sadiya BUK:
Anti, ki yi haƙuri, zan ɗan tsaya a gefen Alhaji. Na karanta cewa da dokar hanin ta ƙare a Yuli 2022 sai rikici ya ƙaru a garinku, har aka mayar da ita a farkon 2023. Kuma ƙungiyoyin Aborijin ne da kansu suka yi gargaɗi kada a ɗage. Sanata Jacinta Price ma ai jinin Warlpiri ce, kuma tana ganin masu kare haƙƙi sun fi damuwa da tarihi a kan matan da ake duka yau.

Anti Rabi:
Gaskiya ne 'yata, ina nan aka yi, mun ga watannin da ba ma fatan sake gani. Amma lura da abin da kika faɗa da bakinki: sun yi gargaɗi, ba a ji ba. An sa dokar ba a tambaye su ba, an bar ta ta faɗi ba a saurare su ba. Shekara goma sha biyar ba a gina abin da zai tsaya in an cire sandar ba. Gida mai ɗaki uku har yanzu za ka tarar da mutum goma sha wani abu a ciki, shi ya sa ciwon zuciyar da ke farawa daga ciwon maƙogwaro da ƙuraje ke kama yaransu, cutar da kusan ta ɓace a Sidni. Price kuwa tana da mabiya, ba a raina ta ba. Bakinsu ba ɗaya ba ne, kamar yadda namu ba ɗaya ba ne.

Barista Nura:
Wannan maganar sauraro ita aka kai ƙuri'ar raba gardama ranar 14 ga Oktoba 2023: a kafa wata majalisar Aborijin a tsarin mulki, ta ba da shawara kawai, ba ta da ikon yin doka ko hanawa. Kusan kashi 60 suka ce a'a, babu jihar da ta amince. Rumfunan ƙauyukan Aborijin na arewa kuwa yawancinsu e suka ce, da babban rinjaye. Mutanen da ba su kai kashi 4 cikin ɗari na ƙasa ba, ƙuri'arsu ba ta juya komai. A 1967 kuwa sama da kashi 90 ne suka yarda a riƙa sa su cikin ƙidayar jama'ar ƙasa.

Aminu Gwammaja:
Subhanallah. A shirin na ji wata tsohuwa na cewa ita ma ɗauke ta aka yi tana yarinya. Wannan kuma fa?

Malam Habu Zariya:
Shekaru da dama, har zuwa wajen 1970, hukuma na ƙwace yara daga iyayensu, musamman ruwa biyu, a kai su gidajen reno irin Kahlin a Darwin da Bungalow a Alice Springs, a raba su da harshe da dangi. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008, a daidai lokacin da dokokin 2007 ke aiki.

Barista Nura:
Yau kuma kurkuku ce ke ɗauka. Sama da kashi 80 na fursunonin Yankin Arewa su ne, a gidan yarin yara kusan dukansu. A 2016 aka nuna yadda ake fesa wa yara barkonon tsohuwa a gidan yarin yara na Don Dale, aka kafa babban kwamitin bincike. An ɗaga shekarun ɗaukar laifi zuwa 12, sabuwar gwamnati ta zo a 2024 ta mayar da su 10. Ɗan aji huɗu na firamare kenan.

Ustaz Kabiru:
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Kun san Musulmi sun riga Turawa hulɗa da mutanen gaɓar arewa? Masunta daga Makassar ta Indunusiya sun yi ta zuwa duk shekara suna ɗibar wata halittar teku da 'yan Sin ke saye, har 1907 da hukuma ta toshe hanyar. Yolngu har yau rrupiya suke ce wa kuɗi, Bature kuma balanda, daga sunan 'yan Holan. Sun yi ciniki, sun yi auratayya, ba su ce ƙasar ba ta da mai ita ba.

Anti Rabi:
Ustaz, masallacin da nake zuwa Idi a nan ma da sunan Afganawa masu raƙuma ake kiran sa.

Alhaji Ado Kwari:
To ni tambayata, mu da muke ta ɗaga murya, Gwarin da aka tasa aka gina Abuja tun 1976, wa ya zuba musu ƙasa a tafin hannu? Laifi tudu ne.

Malam Habu Zariya:
Nan kam ka kama ni Alhaji. Ba daidai suke ba, ba a ƙwace wa Gbagyi 'ya'ya ba, amma ba ni da bakin musu.

Barista Nura:
Mu ai dokar 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Ko abin da Gurindji suka samu ba mu da shi a takarda.

Alhaji Ado Kwari:
Ban sauka daga maganata kan giya ba, ku shaida. Amma katin nan ya tsaya min a rai. Hajiya, in tsohuwa za ta je ta'aziyya wani gari mai nisa, tana son kuɗin mota a hannu, yaya take yi?

Anti Rabi:
Da rabin da aka bar mata, in ya isa. In bai isa ba ta bi dangi. Kuma su zaman makoki ba kwana uku ba ne, wani sai a yi makonni. Zan ba ka labarin wata da na yi jinya, amma ba yanzu ba, muna gaba da ku da awa takwas da rabi, aikin dare ke gare ni kuma ko abinci ban ɗora ba. Aminu, turo min shirin nan in gani ko na san wasu a ciki.

Aminu Gwammaja:
Ga shi nan na tura, Anti. Allah ya ba da sa'a.